Gini a ƙasar ƙanƙara: a binne shi ko a ɗaga shi sama?

Ɗan Bukuru

Assalamu alaikum jama'ar gida. Injiniyoyinmu da maginanmu, ina da tambaya. An nuna mana hoton wata tashar bincike ta Birtaniya da ke Antatika, nahiyar ƙanƙara ta can kudancin duniya, mai suna Halley VI. Ɗakuna takwas ne a jere, an haɗa su baki da baki, bakwai shuɗɗa, babban na tsakiya ja. Kowanne yana tsaye kan ƙafafun ƙarfe, kowace ƙafa kuma tana kan wani dogon faranti mai santsi. Abin ya ɗaure min kai. Mu nan Jos in hunturu ya kama a Disamba, ɗaki mai kaurin bango wanda iska ba ta ratsawa ake nema. Su da sanyinsu ya ninka namu, me zai sa su ɗaga gida sama iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa? Ba gara su haƙa rami su binne shi ba?

Oga Magini

Wa alaikumus salam. Yaro ya yi tambaya mai kyau. Ni abin da na koya wajen maigidana shi ne gini daga ƙasa yake samun ƙarfi. A haƙa fandisho har a taras da ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a sa rodi yadda ya dace. Gidan da ke tsaye kan sanduna ban yarda da shi ba, ko a ina yake.

Baban Khalifa

Ɗan Bukuru, shawarar da ka kawo an gwada ta a wurin, kuma ba sau ɗaya ba. Wadda ka gani ita ce tasha ta shida. Ta farko an kafa ta a 1956, gidan katako ne a ƙasa kamar na kowa. Wurin ana kiransa Brunt, shimfiɗar ƙanƙara ce mai kaurin sama da mita ɗari da ke kwance kan teku, manne da gaɓa. Dusar ƙanƙarar da ke taruwa a can ta haura mita ɗaya a shekara, kuma ba ta narkewa. Ta bana kan ta bara take hawa. Cikin 'yan shekaru gidan ya nutse, mutane suka koma sauka ɗakin kwanansu da tsani. Ta biyu ma haka ta ƙare.

Da aka zo ta uku a 1973 sai suka ce tunda dai binnewa za ta yi, bari a gina ta da niyyar binnewar. Suka kawo manyan bututun ƙarfe masu ninki, irin na kwalbatin hanya, suka gina ɗakunan a ciki. Oga Magini, ka san ƙarfin wannan bututu, tirela da kaya take bi ta kansa. Shekara goma aka yi aka kwashe kaya aka fita. Bututun ya lotse, yana ƙarƙashin dusa fiye da mita goma. Ta huɗu, ta 1983, ita ma a cikin bututu aka yi ta, na katako, ita ma nauyi ya murƙushe ta. Sai a ta biyar aka ɗora gini kan ƙafafu ana ƙara masa tsawo duk shekara.

Kuma ɗumin da kake zaton za a samu a ƙasa yana da nasa sharrin. Zafin ɗakunan yana ratsa bango, yana tausasa ƙanƙarar da ke kewaye, ita kuma sai ta ƙara saurin matsowa.

Oga Magini

Injiniya, to ai ƙarfen ne bai kai ba. Da sun ninka kaurinsa fa?

Baban Khalifa

Da sun ƙara shekara biyu ko uku, shi ke nan. Nauyin tirela yana zuwa ya wuce. Wannan kullum ƙaruwa yake, dare da rana, ba ya sauka. Duk kaurin da ka zaɓa akwai shekarar da nauyin zai cim masa. Ga kuma hanyar shiga da bututun hayaƙi da na iska, duk shekara sai an ƙara musu tsawo.

Maman Ilham

Sallama. Bari in sa baki ta ɓangaren da nake koyarwa, don akwai abin da ba a taɓo ba. Yawancin dusar da ke binne gini ba daga sama take faɗowa kansa ba, iska ce ke kwaso ta daga wani wuri ta jibge masa. Ku ɗauki tashar Amurka da ke ƙuryar kudancin duniya, Amundsen-Scott. Wurin hamada ne a lissafin ruwan sama, abin da ke taruwa a fili bai wuce santimita 20 a shekara ba. Duk da haka tashar farko ta 1957 ta nutse. Aka gina wata babbar ƙubba ta alminiyom a 1975, faɗinta mita 50, tsayinta mita 16, ita ma dusa ta yi ta cin ta, katafila na aikin tono ba hutu, har aka kwance ta tsakanin 2009 da 2010.

Dalili shi ne busasshiyar dusa gari ce. Iska na kai gudun mita 5 a daƙiƙa ta fara motsa ta. Ƙwayoyin suna tafiya ne da tsalle kusa da ƙasa, wanda ya sauka ya bugi wani ya tashi, ƙananan kuma su bi iska sama. Abin tsoron shi ne yadda adadin ke ƙaruwa. In gudun iska ya ninka sau biyu, abin da take ɗauka kusan sau takwas yake ninkawa. Haka ma in an juya lissafin: iska ta ɗan rage gudu kaɗan, sai ta kasa riƙe mafi yawan kayanta ta zubar. To mene ne ke rage wa iska gudu a fili fetal da babu bishiya babu tudu? Gininka. Tana bugun bangon gaba ta zube wani abu, ta zagaya baya inda take lafawa ta zube sauran, a yi wata doguwar jela ta dusa. Shekara mai zuwa jelar nan ita kanta ta zama tudu mai tare iska.

Shi ya sa sabuwar tashar da suka buɗe a Janairun 2008 aka ɗora ta kan ginshiƙai 36, aka karkata ƙasan fuskarta da ke kallon iska yadda za ta matse iskar ta shige ƙarƙashi. Iskar da aka matse gudu take ƙarawa, in ta ƙara gudu kuma share wurin take yi maimakon zubarwa. Ɗan Bukuru, iskar da kake jin tsoro ita aka ɗauka aikin shara.

Auta Gangare

Ikon Allah. Malama, ke nan irin rumbun ƙauyenmu da ake ɗorawa kan duwatsu?

Maman Ilham

Kusan haka ne, Auta. Wanda ya ɗora rumbu kan dutse yana raba hatsi da danshi da gara ne, ya bar iska tana wucewa. Su kuma suna raba gida da dusa. Amma kada a ɗauka ɗagawar ta kashe matsalar. Ƙarƙashin ginin zai zauna a share, amma da iskar ta fito ta baya ta saki jiki, nan gaba kaɗan za ta zube kayanta. Tudun yana nan, an dai matsar da shi. Kuma filin gaba ɗaya yana ci gaba da hawa. Ginin da ke mita shida sama yau, in ba a taɓa shi ba, wata rana ƙasa za ta same shi.

Baban Khalifa

Gaskiyar Malama. Shi ya sa ƙafafun ba a kafe suke ba. Ta Amurkan an tsara ta yadda za a iya sa jak a ɗaga ginin dungurungum. Wadda aikinta ya fi burge ni ita ce ta Jamus, Neumayer III, da aka buɗe a Fabrairun 2009. Su ma tashoshinsu biyu na farko, ta 1981 da ta 1992, bututu ne a ƙarƙashin dusa, kuma duk sun lotse. Ta ukun nauyinta ya haura tan dubu biyu, tana kan ƙafafu 16 masu jak na mai. Lokacin bazararsu sai a janye ƙafa sama alhali sauran na riƙe da ginin, a tura dusa a cike gurbin, a daddanne ta, a bar ta ta yi tauri, a sauke ƙafar a kai, a koma ta gaba. In an zagaye duka sai a ɗaga ginin. Kusan mita ɗaya suke hawa a shekara.

Oga Magini, ka lura da kyau. Fandishon nan ba kankare ba ne, dusa ce da aka danne. Sabuwar dusa sako-sako ce, mita ɗaya ta kowace fuska ba ta wuce kilo 100 ba. Wadda iska ta daddaka tana kai kilo 300 zuwa 400. Ƙanƙara zalla ta haura 900. In ka danne dusa ka bar ta, ƙwayoyinta mannewa suke da juna, gobe ka zo ka tarar ta yi tauri. Amma ko ta yi tauri, muddin akwai nauyi a kanta tana ci gaba da lotsawa a hankali, kuma ba daidai take lotsawa ba, wata ƙafa ta fi wata. Don haka ake faɗaɗa tafin ƙafar sosai a rarraba nauyin, ake kuma auna kowace ƙafa a kai a kai ana daidaitawa. Mu a nan muna zuba fandisho mu rufe shi mu manta. Su nasu aiki ne na kowace shekara, da kasafin kuɗinsa da ma'aikatansa.

Oga Magini

To ni wannan ba gini ba ne a wajena, reno ne. Gidan da in ka yi tafiyar shekara uku ka dawo ba ka ganinsa? Duk faɗin ƙasar nan babu dutse?

Baban Khalifa

Akwai, amma bai kai kashi 1 cikin 100 na nahiyar ba. Kuma wanda ya same shi ya huta, a nan maganarka ta tsaya da ƙafarta. 'Yan Afirka ta Kudu tashoshi uku suka yi asara a kan ƙanƙara. A 1997 suka gama ta huɗu, SANAE IV, a kan wani tsauni da ya leƙo daga cikin ƙanƙara mai suna Vesleskarvet, kusa da bakin gangare, inda iska ke kwashe dusar ta watsa ta ƙasa. Beljiyam ma a 2009 kan doron dutse suka kafa tasu. Sai dai ko a kan dutsen, bisa ƙafafu suka ɗora ginin, saboda maganar da Malama ta yi.

Oga Magini

Alhamdu lillahi. Ashe dai maigidana bai koya min ƙarya ba. A nemi ƙasa mai tauri. Su waɗancan da suka nace kan ƙanƙara su suka jawo wa kansu.

Maman Ilham

Ba taurin kai ba ne, Oga. Aikin ne ya ɗaure su a wurin. Tun 1956 ake auna iskar sararin sama a Halley, kuma daga wannan awon ne Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka bayyana a 1985 cewa rigar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa ta huje a saman Antatika. In ka ƙaura nesa ka yanke zaren awon.

Farantan da Ɗan Bukuru ya gani kuma sun yi ranarsu. Shimfiɗar Brunt tafiya take zuwa teku, ɗaruruwan mitoci a shekara. Wata tsohuwar tsaga ta farka ta fara tsawo, aka ga tashar za ta kasance a ɓangaren da zai ɓalle. Tsakanin ƙarshen 2016 da farkon 2017 aka raba ɗakunan, katafila ta ja su ɗaya bayan ɗaya kilomita 23 zuwa ciki. A Janairun 2023 ɓangaren ya ɓalle, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,550. Da kankare aka dasa ta a inda take, da sai dai a yi ta kallo.

Ɗan Yusufari

Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu nake karanta bayanin Malama jikina yana sanyi, don abin da ta faɗa kan dusa shi nake gani da yashi duk lokacin da na je gida. A ƙauyenmu can arewacin Yobe akwai ajin makaranta da rairayi ya kai tagoginsa. Iyaye suka yi karo-karo aka ja katangar bulo ta gefen da iskar hunturu ke zuwa, dab da ajin. Ba a jima ba yashin ya cika bayan katangar ya tsallako, yanzu tsakanin katanga da aji ya fi ko'ina cika. Yara da tsofaffin kwanuka suke kwasa kafin a shiga darasi. Shin abu ɗaya ne, ko kama ce kawai?

Maman Ilham

Lissafi ɗaya ne, ɗan'uwa. Masu nazarin tafiyar dusa ma daga masu nazarin yashi suka samo tushen lissafinsu. Wani sojan Birtaniya, Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya, shi ya rubuta littafin tafiyar yashi a 1941, har yau ana aiki da shi. Katangar da kuka ja ta yi abin da katanga ke yi: ta tsayar da iska a daidai inda ba ku son yashi ya sauka.

A ƙasashen da dusa ke rufe hanya ba sa jan katanga toshe. Shinge suke kafawa wanda rabinsa fili ne, katako ɗaya a bar gurbi ɗaya, a bar 'yar tazara a ƙasa kada gindinsa ya toshe da wuri. Kuma nesa suke kai shi. Jelar da ke taruwa bayan irin wannan shinge tana kai tsawon shingen sau 35. Shinge mai mita biyu ke nan sai ya ja baya mita 70 daga abin da ake karewa. Ana so iska ta sauke kayanta can, ta iso wajen ginin hannu wofi.

Baban Khalifa

Na yarda da nisan, amma Malama kada ya tafi da lambar nan kamar ta gama magana. Shingen hanya a ƙasar dusa yana cika da sanyi, bazara ta zo ta narkar, ya wayi gari fanko. Yashi ba ya narkewa. Halinsa ya fi kusa da na Antatika, abin da ya taru ya zauna. Shingen zai cika ko ba jima ko ba daɗe. Amfaninsa shi ne ya saya muku lokaci ku dasa abin da zai riƙe ƙasar. Maƙwabtanku na Nijar wajen Gure suna kafa shingen rassa da kaba gida-gida a kan tudun yashin kansa, su yi shuka a cikin kowane gida. Ba bulo, ba siminti. Ni da za a ji tawa, kuɗin da za a ƙara wa katangar nan tsawo gara a kai shi can.

Ɗan Yusufari

Na gode ƙwarai. Dama ana maganar ƙara layi uku na bulo bayan girbi. Zan kira mai unguwa yau in karanta masa wannan.

Abu Yasir

Ina biye da ku daga Abuja. Kun tsaya a kudu, alhali tashoshin Antatika mutum nawa ne a ciki? Inda miliyoyin mutane ke zaune kan wannan matsala arewa ne. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Rasha daskararriyar ƙasa ce, wato ƙasar da ke zama a daskare shekara da shekaru. Samanta kaɗai ke narkewa da bazara, daga rabin mita zuwa mita biyu ko uku, ya sake daskarewa da sanyi. Muddin tana daskare ƙarfinta kamar dutse. Amma in ƙasar mai ƙanƙara da yawa ce a ciki, ka ɗora mata gida mai ɗumi, sai ta narke ta koma taɓo, gidan ya nutse ta tsakiya inda zafi ya fi yawa.

Birnin Yakutsk yana da mutum sama da dubu 300, benayensa kan turakun kankare suke, an bar fili tsakanin ƙasa da daɓen gidan. Turakun an kafa su can cikin daskararren ɓangaren, ƙanƙarar ce ke riƙe su. Bututun ruwa ma ta sama suke bi. Ga shi dai siffa ɗaya da ta Halley, amma dalilin daban. Can ana gudun dusa, nan ana gudun zafin gidan ya taɓa ƙasa.

Oga Magini

Wannan na fahimta. Turakun ai sun je sun sami wuri mai tauri. Amma in zafi ya ƙaru ƙasar ta narke har can fa?

Abu Yasir

Shi ne abin da ke hana injiniyoyinsu barci yanzu. Akwai dabarar da ake taimaka wa ƙasar da ita. Bututun man Alaska da aka gama a 1977, tsawonsa kusan kilomita 1,300, man da ke ciki da zafinsa yake tafiya. Fiye da rabinsa aka ɗaga sama kan turaku, aka zura wa turakun wasu rufaffun bututu sama da dubu 120 masu ruwan amoniya a ciki. Da sanyi, lokacin da iskar waje ta fi ƙasa sanyi, ruwan yana tafasa a gindi ya ɗauki ɗumin ƙasa, tururin ya hau sama ya huce ya koma ruwa ya gangaro. Da bazara sai ya tsaya da kansa, ba ya mayar da zafi ƙasa. Babu inji, babu lantarki. Sinawa ma sun yi amfani da irinsa tare da tarin manyan duwatsu a layin dogon da ya isa Lhasa a 2006, wanda kimanin kilomita 550 nasa kan daskararriyar ƙasa yake.

Inda aka yi sake kuma an ga sakamako. A Mayun 2020 tankin man dizal ya rushe a Norilsk da ke arewacin Rasha, kimanin tan dubu 20 ya malale, kogi ya koma ja. Masu wurin suka ce narkewar ƙasa ce.

Baban Khalifa

Sun ce haka, amma hukumar da ta yi bincike ta sami aibi a yadda aka tsara da yadda aka kafa turakun, da rashin kula da tankin. Ina son matasan gidan nan su riƙe wannan. Ɗumamar yanayi gaskiya ce, kuma yankin arewa ya fi ko'ina saurin ɗumama. Amma ba a laɓewa bayanta a ɓoye aikin ha'inci. Mu ma nan gini na faɗuwa sai a ce ruwan sama ne, kamar mai ginin bai san ana damina ba.

Alhaji Mai Kifi

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ne ya ce in karanta abin da kuke tattaunawa. Ina da ɗakin sanyi na kifi da kaji wajen Farin Gada. Daɓen tsakiyar ɗakin ya kumbura ya yi tozo, ya tsage, ƙofa sai an sa kafaɗa take rufuwa, kantocin ƙarfe sun karkace. Wanda ya yi min aikin ya ce siminti ne bai ji ba, a fasa a sake zubawa. An fasa an zuba, ya sake tasowa. Injiniya, ko wannan abin naku ne ya biyo ni har Jos?

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Kafin in ce komai, a nawa kuke ajiye sanyin, kuma me aka shimfiɗa ƙarƙashin kankaren? Filin kuma asalin ƙasa ne ko tsohon ramin kuza da aka cike?

Alhaji Mai Kifi

Agogon yana nuna 20 ƙasa da sifili, dare da rana, in an ɗauke wuta janareta ke karɓa. An sa farin soson nan mai sauƙi, irin wanda ke zuwa cikin kwalin talabijin, kaurinsa kamar yatsu uku, aka zuba kankare a kai. Fili gado ne, ba a taɓa haƙar kuza a wurin ba, amma da damina rijiyar gidan kusa take cika.

Baban Khalifa

To Alhaji, alamu sun nuna abin namu ne, duk da sai an auna za a tabbatar. Soson nan rage gudun sanyi yake, ba ya tsayar da shi. Wata da watanni sanyin yana ratsawa har ƙasar da ke ƙarƙashi ta sauka ƙasa da sifili. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, amma ba wannan ne ke ɗaga daɓe ba. Abin da ke faruwa shi ne wurin da ya daskare yana tsotso ruwa daga ƙasa ta 'yan ƙananan kafofi, ruwan ya iso ya daskare ya ƙaru kan na jiya, a sami faifan ƙanƙara zalla kwance cikin ƙasa yana ƙara kauri. Shi ke tura kankare sama, kuma ƙarfinsa ya isa ya ɗaga ginshiƙi. Abu uku yake buƙata: sanyi, ruwa a kusa, da ƙasa mai laushin ƙwaya. Tsakuwa da yashi mai gautsi ba sa tsotson ruwa haka. Kai kana da sanyin, ka kuma ce ruwa na kusa. Tsakiya ke fara tashi saboda gefuna suna samun ɗumi daga waje.

Masu ajiyar dankalin Turawa a Bokkos da Mangu ba sa haɗuwa da wannan, nasu sanyin bai kai daskarewa ba. Na masu kifi da nama ne. A ƙa'ida ana shimfiɗa bututu a jere ƙarƙashin soson, bakinsu a buɗe ta gefe biyu iskar waje tana ratsawa, ko a sa wayar ɗumi, ko a ɗaga daɓen gaba ɗaya a bar fili ƙarƙashi. Mu da iskarmu ke da ɗumi, bututun iska sun wadatar in an yi su da faɗi da ɗan gangare, aka sa raga kada ɓera ya toshe.

Roƙona biyu. Kada ka sake zuba kankare kan abin da ke nan. Kuma kada ka kashe injin ka buɗe ƙofofi don ya narke da sauri. In akwai ƙanƙara a ƙasa, ranar da ta narke rami da taɓo za ta bari, daɓen ya rufta, bango na iya bin sa. A hankali ake narkar da ita ana auna motsin ginin. Matakin farko a huda daɓen a wuri biyu, tsakiya da kusurwa, a zura ma'aunin zafi zuwa zurfin mita ɗaya, a ga ƙasar da ta fito.

Oga Magini

Ina da injin huda kankare da dogon baki. Alhaji, in ka yarda sai mu zo da Injiniya ranar Asabar bayan Azahar. A kwashe katan-katan daga tsakiyar ɗakin kafin mu iso, kuma a nemo wanda ya san inda wayoyin wuta suka bi a ƙasa.

Ɗan Bukuru

Baba Injiniya, don Allah a ba ni izini in biyo ku in riƙe ma'aunin.

Baban Khalifa

Ka zo, ka sa rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe, ka taho da littafi. Alhaji, ka turo min kwatancen wurin ta akwatina.